Sanyin ƙashi: mu ceci hannuwan mata

Darasinmu na yau a kan ciwon gaɓoɓi ne, wanda muke kira sanyin ƙashi ko amosani. A nan Agadas, hannun mace shi ne jarinta. Da shi take daka, da shi take jan guga, da shi take saƙar tabarmar kaba da aikin fata. In hannu ya ƙage, sana'a ta tsaya, barci ya gagara, har sujada ta yi wuya.

Iri biyu daga cikin ire-iren ciwon

Na farko, gaɓa ce take gogewa saboda shekaru da ɗaukar kaya. Ya fi kama gwiwa.

Na biyu ya fi muni. Garkuwar jiki ce take juyowa ta far wa gaɓoɓi. Yatsu da wuyan hannu su kumbura, dama da hagu. Da safe su sandare fiye da rabin awa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ke fama da shi, kuma cikin kowane 10, wajen 7 mata ne. Sanyin hunturu yakan tsananta shi, amma ba shi ne tushensa ba.

Abin da ya kamata mu yi

Kumburin da ya kai mako 6, a tafi likita. Daga nan ana iya tura mace babban asibitin Agadas, ko Yamai wurin ƙwararru. Akwai maganin da ke tare ɓarnar in an fara da wuri. Yatsan da ya riga ya tanƙware ba ya miƙewa da ƙwaya. Mai ciki ko mai neman haihuwa ta faɗa wa lokotoro, domin wani maganin yana cutar da ɗan tayi.

Mu guji ƙwayoyin ƴan talla. Suna kwantar da zafi, amma yawan shansu yana cin ciki, yana lalata ƙoda.

Mutane suna zuwa ruwan zafi na Tafadek, arewa da Agadas. Ɗumi yana sassauta ciwo, amma ba ya kawar da cutar. A gida ma a jiƙa hannu cikin ruwan ɗumi da safe, a motsa yatsu a hankali.

Maigida da yara, kada ku ce lalaci ne. Ku kai hatsi inji, ku ɗauke mata jarkar ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu lafiya.