Me ke sa tsohuwar kwamfuta daskarewa idan saƙo ya faɗo?

Wani mai karatu daga Sheda, a ƙaramar hukumar Kwali kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, yana da shagon buga takardu da tsofaffin kwamfutocin tebur masu Windows XP. Ya ce da zarar saƙo ya faɗo a allo daga layin da ya haɗa su, sai injin ya daskare, linzami ya ƙi motsi. Bairos ne, ko tsufa?

Madalla da tambaya, ɗan'uwa. Kafin ka zargi bairos, zare wayar sadarwa daga bayan kwamfutar, ka yi aikinka na yini. In ba ta daskare ba, matsalar tana kan layi.

Windows 2000 da XP suna da wata manhaja mai suna Messenger, ba ta Facebook ba, wadda aka yi don mai kula da kwamfutocin ofis ya riƙa tura sanarwa. Masu talla suka gano ta, suka addabi jama'a, har Microsoft ta rufe ta a Service Pack 2 na XP a 2004. In taka tana aiki, shiga Start, sai Run, rubuta services.msc, ka nemo Messenger ka zaɓi Disabled.

Sai dai saƙo guda ba kasafai yake daskarar da inji ba. Ni na fi zargin waya. Duba akwatin da wayoyin suke haɗuwa: in wani ya soka bakuna biyu na waya ɗaya a cikinsa, saƙonnin da ake aika wa kowa sai su yi ta kewaya ba iyaka, kamar masu shela ɗari a ɗaki guda, tsohon inji ya rasa sukunin aikinsa. Alamarta, fitilun akwatin duka suna ƙyaftawa babu ƙaƙƙautawa. Zare wayoyin ɗai-ɗai har su lafa. Haka kuma in kwamfutar tana neman fayil a wata da aka kashe, takan tsaya jiran amsa. Ɗan ba ta lokaci.

Amma in saƙon ya ce injin zai mutu cikin daƙiƙa 60, to wannan alamar bairos ce, irin Blaster na Agustan 2003. Kwashe takardunka, a sake ɗora Windows.

Microsoft ta daina gyaran XP tun 8 ga Afrilu, 2014. Ka bar kwamfutocinka suna buga takardu, amma kada ka haɗa su da intanet.