Yadda Ake Ɗinka Kayan Dogaran Fafaroma

Ƙyalle 154 tela yake yankawa kafin ya tashi kayan dogari ɗaya na fadar Batikan. Aikin yakan ci fiye da awa 30, sai an gwada wa mai kayan har sau uku, kuma in an gama nauyinsu yakan haura kilo uku da rabi. Mai yawon buɗe ido da ya tsaya a dandalin Majami'ar Bitrus a birnin Rum, abin da yake gani shi ne shuɗi da ruwan ɗorawa da ja, ya ɗauki hoto ya wuce. Ni kuwa a gidan teloli na tashi, don haka da na samu kusantar waɗannan samari a bakin ƙofa, idona bakin ɗinki ya tafi, kuma abin da na gani ya ishi duk mai riƙe almakashi ya jinjina wa wanda ya yi shi.

Aikin yana farawa da mutumin da zai sa kayan, domin babu ɗinkin kasuwa a nan. Ba kowa ake ɗauka ba. Sai namiji ɗan ƙasar Suwizalan, mabiyin ɗarikar Katolika, marar aure, mai shekara 19 zuwa 30, wanda tsawonsa ya kai santimita 174, kuma ya riga ya gama horon soja a ƙasarsu. Tun 2018 adadin rundunar 135 ne. Kurtu yana isowa bariki, kusa da Ƙofar Sant'Anna, za a kai shi ɗakin ɗinki da ke cikin barikin a auna shi. Awon da kowane tela ya sani ne: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu, cinya, ƙwauri. Abin da ya bambanta shi ne awon ƙasan gwiwa da na wuya, wurare biyu da kayan suke kama jiki tsam, kuma kuskuren yatsa ɗaya a cikinsu mutum zai ji shi duk tsawon tsayuwarsa.

Yadin na ulu ne, mai kauri na hunturu da marar nauyi na bazara, domin kowane dogari yana da na sanyi da na zafi. Launukan ba zaɓin tela ba ne. Shuɗi da ruwan ɗorawa na gidan della Rovere ne, dangin Fafaroma Julius na Biyu, wanda ya kawo sojojin Suwizalan 150 na farko suka shiga Rum ranar 22 ga Janairun 1506. In aka ƙara ja, launuka ukun sun zama na gidan Medici, wanda ya fitar da Fafaroma Leo na Goma da Clement na Bakwai. Mutane da yawa suna cewa Michelangelo ne ya zana kayan, har masu yi wa baƙi jagora sukan faɗa. Wanda ya tsara su yadda suke a yau kwamandan rundunar ne, Jules Repond, a 1914, bayan ya daɗe yana nazarin tufafin mutanen ƙarni na 16 a zane-zanen Raphael. Ina ganin ya kamata a riƙa ba shi haƙƙinsa. Soja ne ya zauna ya yi tunanin yadda hannun riga zai faɗi, kuma abin da ya fitar ya haura shekara ɗari ba a ga dalilin sauya shi ba.

Yanka ba ya buƙatar dogon bayani, sai dai haƙuri. A shimfiɗa yadi, a ja alli, a fitar da ratsi dogaye sirara, shuɗi daban, ruwan ɗorawa daban, kowane tsibi da alamar inda za shi. Babu yadin da ya zo daga masaƙa da ratsinsa a jiki. Kowane layi da ka gani ƙyalle ne mai zaman kansa. Shi ya sa lissafin ya kai 154. Ety Cicioni, telan da yake riƙe da wannan ɗaki tun 1997, sai da ya warware tsofaffin kaya ya ga yadda na gabansa suka haɗa su kafin hannunsa ya faɗa. Haka sana'a take a ko'ina: abin da ba a rubuta ba, a cikin tsohuwar riga ake karanta shi.

Gangar rigar, wato ƙirji da baya, haɗi ne na sosai. Shuɗi, ruwan ɗorawa, shuɗi, ruwan ɗorawa, a bi da keke, a buɗe bakin ɗinkin a danne da dutsen guga tun kafin a ɗora na gaba. Wanda ya bar guga sai ƙarshe zai samu riga mai tudu da kwari. Dama da hagu dole su yi daidai daga tsakiyar ƙirji, kuma tunda ƙirjin wani ya fi na wani faɗi, tela ne zai raba bambancin a kan dukkan ratsin, kaɗan-kaɗan, yadda in dogarai goma suka jeru ba za ka ce rigar wannan ta fi ta wancan yawan layi ba.

Inda gwaninta take, inda kuma aiki yake lalacewa, shi ne hannun riga da wando. A nan ratsin ba a haɗe suke da juna ba. Ana fara ɗinka jan yadi mai yalwa a ciki, a yi masa tattara sama da ƙasa har ya kumbura. Sannan a ɗauko ratsin shuɗi da na ruwan ɗorawa, kowanne an riga an kalmashe gefensa biyu an yi masa shafi, a jera su a kan jan, a kama su a wuri biyu kawai: a hannu, kafaɗa da wajen wuyan hannu, a wando, ƙugu da ƙasan gwiwa. Tsakaninsu a sake suke, suna lilo. In dogari ya ƙame, ratsin sukan kwanta kusa da juna, jan ya ɓuya sai ɗan kaɗan. Da ya ɗaga ƙafa ko ya miƙa hannu ya sara wa wani babba, sai su buɗe, jan ya bayyana, ya sake komawa. Wannan buɗewa da rufewa ita ce ran kayan gaba ɗaya, kuma tsawon ratsi ne yake mulkinta.

In ratsi ya gaza, zai ɗaure jan da ke ƙarƙashinsa, kumburin ya mutu, wandon ya tsaya a miƙe, kuma ranar da mai shi ya durƙusa a gaban Fafaroma ɗinkin ƙasan gwiwa ne zai fara ɓallewa. In ya yi yawa, zai zubo ya rufe ƙwauri, ya karkace, shafinsa ya juyo waje. Tsakanin gazawa da yawa tazarar ba ta fi faɗin yatsa biyu ba, kuma ba ɗaya ba ce a duk zagayen ƙafa. Ratsin da ya bi ta kan gwiwa yana buƙatar rara fiye da wanda ya bi ta gefe, domin nan ne ƙafa take lanƙwasa. Na bayan cinya kuma in aka ba shi rara irin ta gaba, zai taru ya yi jaka. Saboda haka tela ba ya yanke su tsawo ɗaya ya huta. Yakan kama su da allurar hannu tukuna, ɗinkin da za a iya zarewa, ya kira mai kayan ya sa, ya ce masa tsaya, taka, durƙusa, ɗaga mashi. Yana kallo, yana sassauta wannan, yana ɗage wancan. Gwaji na biyu kusan duk a kan wannan yake ƙarewa.

Akwai kuma lissafin da ake mantawa. Tunda ratsin zagaye suke yi su dawo inda suka faro, dole adadinsu ya zama mai rabuwa biyu, in ba haka ba shuɗi zai haɗu da shuɗi a cikin cinya ko a ƙarƙashin hammata. Ba wanda zai gani daga nesa, amma telan ya sani, dogarin ma ya sani. Sannan ƙafar dama ta zama madubin ta hagu. Sannan inda riga ta sauka a kan wando, layukan su gaisa da juna, kada ɗamara ta zama wurin da tsari ya karye. Duk wanda ya taɓa haɗa yadi mai layi ya ga ya goce da rabin inci a kafaɗa, ya san zafin warware aikin yini guda. A nan kuwa wuraren da za a iya gocewa sun fi a ƙirga.

Sauran abubuwan suna tafiya da sauri: jan kalmasa a wuyan hannu, farar kwala, da rufin ƙwauri mai ratsi wanda yake sauka har kan baƙin takalmi. Gwaji na uku na tabbatarwa ne. Daga nan sai guga ta ƙarshe.

Ɗinki rabin magana ne, domin ƙa'ida ce take faɗin wanda zai sa me, da kuma yaushe. Kayan nan masu launi uku na ƙananan dogarai ne, masu riƙe dogon mashin nan mai kan gatari. Saje yana sa baƙar riga da jan wando. Hafsoshi ja suke sawa sama da ƙasa, mai duhu, na karan-miski. A ranakun aiki na yau da kullum baƙar hula mai taushi ake ɗorawa, a karkace, da ɗamarar fata da takobi a hagu. Wajen atisaye, da gadin dare, da tsaron Ƙofar Sant'Anna inda motoci da ma'aikata suke shige da fice, shuɗin kaya ne marasa ado, masu farar kwala. Lokacin sanyi da ruwan sama akwai alkyabba mai duhun shuɗi. Wanda ya san fadojinmu ba zai yi mamaki ba: dogarin Sarkin Kano ma ja da korensa da jan rawaninsa ba kwalliyar kansa ba ce, shaida ce ta wanda yake yi wa aiki, kuma daga nesa ake sanin matsayin kowa.

Cikakken shiri sai manyan ranaku: Kirsimeti, Ista, da ranar rantsar da sababbi. A nan farar kwala takan ba da wuri ga wani farin wuya mai tattara da yake zagaye maƙogwaro, a sa farar safar hannu, sannan sulken ƙarfe na ƙirji da baya da kafaɗu. Mutum ba ya iya ɗaura wa kansa; ɗan'uwansa ne yake ja masa maɗaurin fata a kafaɗa da haƙarƙari, shi ma ya juya ya ja wa wancan. Maƙera a garin Molln na ƙasar Ostiriya su suka ƙera sababbin sulkunan da hannu, da guduma da maƙera, kamar yadda aka yi na dā. A nan ma aikin tela yana sake fuskantar jarrabawa, domin rigar da ta yi yalwa a ƙirji za ta naɗe a ƙarƙashin ƙarfe ta ci fatar mutum, kuma babu damar gyarawa har a tashi daga taro.

Kwalkwali shi ne na ƙarshe. Yana da tsefe a bisa, baki mai lanƙwasa gaba da baya, da hoton itacen gidan della Rovere a gefe. Gashin jiminar da aka soka masa shi yake faɗin muƙami: ja na dogarai, shunayya na hafsoshi, fari na kwamanda da babban saje, rawaya da baƙi na makaɗan ganga. A 2019 aka sauya baƙin kwalkwalin ƙarfe, wanda nauyinsa ya kusa kilo biyu, da na roba wanda na'ura take fitarwa daidai siffar tsohon, mai nauyin giram 570. Wasu sun yi ƙorafi. Ni ban ga laifinsa ba, domin ƙarfe a ranar Rum ta watan Yuli yana ƙona kan mutum, kuma farin kwalkwalin ƙarfe na manyan bukukuwa yana nan ba a taɓa shi ba.

Ranar 6 ga Mayu ita ce ranar da duk wannan wahala take nufa. A irin wannan rana a 1527 sojojin Sarki Charles na Biyar suka afka wa Rum. Dogarai 189 ne a lokacin. 147 suka mutu har da kwamandansu Kaspar Röist, sauran 42 suka fitar da Clement na Bakwai ta wata doguwar hanya da ke kan ganuwa zuwa sansanin Sant'Angelo. Shi ya sa bisa al'ada a wannan rana ake rantsar da kurata, galibi a farfajiyar San Damaso. A kira sunan mutum, ya tako cikin sulke, ya damƙi tutar rundunar da hannun hagu, ya ɗaga yatsu uku na dama bisa aƙidarsu ta Triniti, ya yi rantsuwa da harshen yankinsu, Jamusanci ko Faransanci ko Italiyanci ko Romanshi, cewa zai kare Fafaroma ko da ransa ne. Watannin da suke gabanin wannan rana su ne lokacin da ɗakin ɗinki ba ya barci, tunda kowane kurtu sai nasa sun kammala. Kada kuma ado ya ruɗi mai kallo: samarin nan suna da horon bindiga da na kare kai, kuma an ƙara tsananta shi tun bayan harbin da aka yi wa Fafaroma John Paul na Biyu a 1981. Waɗanda suke bin Fafaroma kusa-kusa a tafiye-tafiye ma kwat suke sawa.

Kayan ba mallakar dogari ba ne. Mafi ƙarancin wa'adin aiki wata 26 ne, kuma wanda ya tafi a nan zai mayar da su. Sai wanda ya kai shekara biyar ake bari ya tafi da nasa gida, da sharaɗin ba zai sayar ba, ba zai bayar ba. Ko a binne shi da su, ko su koma hannun ƙungiyar tsofaffin dogarai. Waɗanda suka tsufa a bariki kuwa daddatsa su ake yi, don kada su faɗa kasuwa wani ya saya ya shiga da su inda bai kamata ba. A wurin da tufafi kaɗai suke iya buɗe wa mutum ƙofa, wannan doka ta tsaro ce, kuma ana bin ta ko da rigar ta ci wa tela awa talatin da wani abu.