Ciyawar Ruwa, Ta Teku Da Ta Koginmu

A bakin teku, inda ruwa ba shi da zurfi, akwai wata irin ciyawa mai tsirowa a ƙarƙashin ruwan gishiri. Tana da saiwa, tana fure, tana 'ya'ya, tamkar ciyawar tudu. Akwai ta da yawa a gaɓar ƙasar Muritaniya. Ƙananan kifaye suna ɓuya a cikinta har su girma, saiwarta kuwa tana riƙe yashi kada igiyar ruwa ta kwashe shi.

Ɗalibai masu koyon ilmin halittun ruwa sukan je su duba ta lokacin da ruwa ya janye. Suna ɗauke da katako mai kusurwa huɗu, kowane gefe mita ɗaya, watau yadi ɗaya da ɗan ɗori. Sai su aza shi bisa ciyawar, su ƙidaya abin da ke ciki, su auna tsawon ganye da zurfin ruwa, su rubuta a littafi. Baɗi su koma wurin nan su sāke. Da haka suke sanin ko ciyawar tana ƙaruwa ko tana raguwa.

Mu mutanen Ajingi da Gaya ba mu da teku, amma muna kusa da kogin da ya biyo ta Wudil ya nufi Ringim da Haɗejiya. A cikinsa da fadamunsa akwai bado da kainuwa da kachala. Wanda ya san amfanin bado ba ya raina tsiron ruwa, gama ya ceci mutane a shekarun yunwa.

Kachala kuwa labarinta dabam ne. A dā kogin yakan cika da damina, ya ƙafe da rani, kachala ta bushe. A 1974 aka gama madatsar Tiga, a 1992 aka gama ta Challawa. Tun daga nan ake sakin ruwa rani da damina. Kachala ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Saiwarta tana tafiya a ƙarƙashin laka, iska kuma tana ɗaukar irinta. Saboda haka ta cika hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗejiya da Nguru. Ruwa ya rasa hanya, ya malala cikin gonaki, masunta suka rasa wurin jefa taru, tsuntsayen jan baki kuma suka sami wurin kwana, suna cinye gero da shinkafa.

To, kai mai karatu, ga aikin da za ka iya. Ka sami kara huɗu masu tsawo ɗaya, ka ɗaure su, ka je fadamarku, ka ƙidaya kachalar da ke cikinsu, ka rubuta adadin da ranar. Kowace shekara ka sāke a wuri ɗaya. Kadan ka ga tana ƙaruwa, ka gaya wa mai unguwa da malamin gona, a yi gayya a yanke ta ƙasa da fuskar ruwa, domin ruwa ya rufe kututturen, saiwar ta rasa iska ta ruɓe. Tun tana kaɗan ake maganinta.

Tambayoyi

1. Mene ne amfanin ciyawar teku ga kifi?
2. Don me ɗalibai suke komawa wuri ɗaya kowace shekara?
3. Me ya sa kachala ta yawaita bayan 1974?