Yadda Ake Rage Ƙarancin Haihuwar Aladu a Lokacin Zafi

A manyan gonakin aladu na Sifaniya da Amurka, matan da aka yi wa barbara daga Yuli zuwa Satumba su ne suka fi ƙin ɗaukar ciki. A Ostireliya kuwa abin yakan faɗo ne daga Janairu zuwa Maris. Dalili biyu ne: zafi, da kuma gadon aladen dajin Turai, wanda ba ya barbara sai ƙarshen kaka da hunturu, lokacin da yini yake gajere. Masu kiwo a Kudancin Kaduna, inda kasuwar aladu ta Kafanchan take, tsawon yini ba ya canza musu sosai, don haka zafin bazara ne babban abin lura.

Aikin yana farawa ne tun a ɗakin shayarwa, makonni kafin ranar barbara. Alade ba ya gumin da zai sanyaya masa jiki. Uwa mai shayarwa ta fi sakewa a kusan digiri 18 zuwa 22, alhali jariranta suna son sama da 30. Da zafi ya yi yawa sai ta rage ci, ta riƙa yin nono da kitsen jikinta, ta kai ranar yaye a rame. Ramammiya kuwa ba ta saurin neman namiji, in ma ta nema, 'ya'yan ba sa yawa. Saboda haka a raba mata abinci sau uku ko huɗu, mafi yawa da asuba da bayan faɗuwar rana. A ɗan jiƙa shi, a ƙara masa mai, a kwashe wanda ya yi tsami kafin a zuba sabo. Ruwa kada ya yanke, don takan sha fiye da lita 20 a yini. A kuma taɓa shi a ji: bututun da ya wuni a rana ruwan ɗumi yake kawowa, kuma ba za ta sha yadda ya kamata ba.

Wajen sanyaya ta, a ɗiga mata ruwa a wuya da kafaɗa, a bar iska ta busar. Ba a watsa shi ko'ina, domin jarirai ba sa jure danshi.

Bayan yaye, lafiyayya takan nemi namiji cikin kwana 4 zuwa 7. A riƙa kawo mata balagaggen namiji hanci da hanci, safe da yamma, kamar minti 10 zuwa 15. Mai kiwo ya danna bayanta da hannu biyu. In ta ƙame ta kafa kunnuwa, lokaci ya yi, sai a yi barbarar da sanyin safiya. Wadda ta wuce mako shiru, likitan dabbobi ne zai ce ko a yi mata allurar motsa ƙwai.

A nan ne ake yawan ɗora wa mace laifin da ba nata ba. Zafi yana lalata maniyyin namiji, illar ba ta bayyana sai bayan kamar mako 2, kuma takan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ta wuce. Ke nan namijin da ya sha rana a Afrilu yana iya barin mata fayau har cikin Yuni, bayan ruwa ya sauka kowa ya manta. A ba shi inuwa da wanka, a rage masa aiki. Masu sayen maniyyi su ajiye shi a kusan digiri 17.

Watan farko bayan barbara shi ne mafi haɗari, domin cikin bai gama kamawa ba. Kada a canza mata ɗaki, kada a haɗa ta da baƙin mata, faɗan neman girma kawai ya isa ya zubar da shi. Kada kuma a ƙuntata mata abinci. Daga kwana 18 zuwa 24 a sake gilma namiji a gabanta, a ga ko ta dawo nema. Wajen kwana 28 a duba da na'urar hoton ciki, don kada a yi ta ciyar da wadda ba ta ɗauke da komai har tsawon kwana 114 na goyon ciki.

Duk da haka sai an rasa wasu. Shi ya sa gonakin da ke rubuta lissafinsu suke duba littafin bara, su ga watannin da haihuwa ta faɗi, su tanadi ƙarin budurwai tun watanni kafin zafi, a yi musu barbara su cike gurbin.