Nawa Ake Biya Don A Hutar Da Dabba A Gida?

Hausawa na cewa sabo turken wawa. Ban gane gaskiyar wannan magana ba sai a hutun damina da ya wuce, ranar da mota ta buge karenmu, Zaki, ta karya masa baya. Shekara goma sha ɗaya yana gadin gidanmu, tun ban fara zuwa firamare ba. Kwana uku ya yi kwance a gindin rumbu, ba ya ci, ba ya iya tashi, da dare kuwa kukansa ya hana kowa barci. Da rago ne ko akuya, da an sa wuƙa tun ranar farko, an huta. Amma kare ba abin yanka ba ne. Wannan ne ya sa da na dawo makaranta na shiga bincike a kan yadda ake kawo ƙarshen wahalar irin waɗannan dabbobi a ƙasashen da al'adar ta kafu, watau Amurka da Ingila, da kuma abin da ake biya. Ga abin da na samo, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Likitocin dabbobi suna kiran wannan aiki da suna yutanesiya. Kalmar ta samo asali daga harshen Girka, ma'anarta kuwa mutuwa mai sauƙi. Ana yin sa ne ga kare ko kyanwa ko doki wanda ciwo ko tsufa ya ci ƙarfinsa, har likita ya tabbatar babu sauran magani. Ba a yin sa da ka. A Amurka, ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta fara fito da ƙa'idojin aikin a shekarar 1963, kuma ta sake gyara su sau da yawa, har da gyaran shekarar 2020.

Yadda ake yi shi ne, da farko mai dabba zai sa hannu a takardar yarda. Daga nan likita ya yi wa dabbar allurar barci, wadda kan kama ta cikin minti biyar zuwa goma sha biyar. In barci ya yi nauyi, sai ya aske gashi kaɗan a ƙafarta, ya nemi jijiya, ya zuba allura ta biyu. Maganin da aka fi amfani da shi sunansa fentobabital. Yakan kwantar da ƙwaƙwalwa tukuna, sannan numfashi ya tsaya, zuciya ta bi baya, duk cikin minti ɗaya ko biyu. Da yake ƙwaƙwalwa ce ke fara kwanciya, dabbar ba ta jin zafin abin da ya biyo baya. A ƙarshe likita ya saurari ƙirji don ya tabbatar. Sau da yawa idanu kan tsaya a buɗe, wani lokaci ma jiki ya ɗan motsa, shi ya sa likita kan gargaɗi masu gida tun da wuri kada su firgita.

To, ina maganar kuɗi? A Amurka, idan mutum ya kai dabbarsa asibiti, yawanci yakan biya daga dala 50 zuwa 300, gwargwadon gari da girman dabba. Idan kuwa likita ne zai zo gida, kuɗin kan kai kimanin dala 300 zuwa 500, a manyan birane ma ya wuce haka. A Ingila ma zuwa gida ya fi tsada, yakan kai fam 200 zuwa 400. Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa su ba da wannan jimla.

Na farko shi ne tafiya da lokaci. Likitan da ke zaune a asibiti zai iya duba dabbobi uku ko huɗu cikin awa guda. Wanda ya fita kuwa zai ƙona mai, ya ɓata lokaci a hanya, sannan ya zauna kusan awa guda a gida ɗaya, domin ba a gaggauta mutanen da ke ban kwana. Wannan shi ne kaso mafi girma, kuma in gida ya yi nisa akan ƙara kuɗin hanya.

Na biyu shi ne nauyin dabba. Ana auna magani ne bisa nauyin jiki. Kyanwa mai kilo 4 da kare mai kilo 40 ba za su sha magani ɗaya ba, na karen zai ninka sau goma. Doki kuwa, wanda kan kai kilo 400 ko fiye, lissafinsa daban ne.

Na uku shi ne ranar da aka kira likita. Ciwo bai san Asabar da Lahadi ba, amma kiran dare ko na ranar hutu yana da ƙarin kuɗi.

Na huɗu shi ne gawa, kuma a nan ne mutane da yawa kan yi mamaki. A can akan ƙone gawar dabba. In an haɗa ta da wasu aka ƙone, kuɗin kaɗan ne. In kuwa mai ita yana so a ƙone ta ita kaɗai a maido masa da tokarta, sai ya ƙara dala 100 zuwa 300. Alal misali, a ce likita ya karɓi dala 350, kuɗin hanya dala 50, ƙonawa dala 200. Jimla dala 600 ke nan, kuma kashi ɗaya cikin uku ya tafi bayan dabbar ta riga ta mutu.

Wani zai ce, ai sai a jefar da gawar a bayan gari a huta da wannan kashe kuɗi. A'a, araha ba ta ado. Maganin nan ba ya fita daga jikin gawa, guba ne ga duk abin da ya ci naman. A Amurka an sha samun mikiya ta mutu bayan ta ci mushen da aka yi wa allurar, kuma a shekarar 2017 sai da aka janye wani abincin karnuka na gwangwani daga kasuwa domin an sami maganin a cikinsa. Wannan darasi ya shafe mu, mu da ungulu da karnukan unguwa ke yawo a juji. Dabbar da aka yi wa wannan allura ba a cin namanta, kuma in za a binne ta, rami ya kai zurfin mita guda, nesa da rijiya.

Me ya sa mutane ke yarda su biya ninki biyu? Dalili shi ne dabbobi da yawa suna tsoron asibiti, warin magani da kukan wasu dabbobi kan tayar musu da hankali. Bugu da ƙari, ɗaukar babban kare mai karaya a sa shi a mota azaba ce a kan azaba. Saboda haka ne wata likita mai suna Dani McVety ta kafa kamfanin Lap of Love a Jihar Florida a shekarar 2009, wanda aikin likitocinsa shi ne zuwa gidaje. Talaka ma ba a manta da shi ba. A Ingila akwai ƙungiyar PDSA, wadda Maria Dickin ta kafa a London a shekarar 1917 don duba dabbobin marasa hali.

Abin da ya fi kuɗi wuya shi ne sanin lokaci. Wata likitar Amurka, Alice Villalobos, ta tsara ma'auni mai tambayoyi bakwai: zafin ciwo, cin abinci, shan ruwa, tsabtar jiki, walwala, iya motsi, da ko ranakun daɗi sun fi na wahala yawa. Kowace tambaya maki 10 ce, jimla 70, kuma in dabba ta haura 35 ana ganin tana da sauran jin daɗin rayuwa. Da na gwada wa Zaki wannan lissafi daga baya, ko maki 15 bai samu ba.

Mu koma gidanmu. Ran kwana na uku Baba ya kira ni zaure ya ce, "Na yi magana da likitan dabbobi, ya ce bayan nan ba zai ɗoru ba. Zai zo ya hutar da shi, amma ba ni da kuɗi sai wanda na ajiye na takalminka na komawa makaranta. Me ka gani?"

Na daɗe ban ce komai ba, don takalmina ya riga ya buɗe baki, kuma na san irin tsiyar da za a yi mini a ɗakin kwana. Can na ce, "Baba, a kira shi."

Likita ya zo da la'asar a kan babur. Na dafa kan Zaki har ya yi shiru. Ni da Yaya muka haƙa rami mai zurfi a bayan gona, muka ɗora duwatsu a kai. Takalmin kuwa baduku ya ɗinke shi, shi ne a ƙafata har yau.

A ƙarshe, ga shawarata. Iyayenmu, in dabbar gida ta ji mummunan rauni, a nemi likita tun ranar farko, a tambaye shi ko akwai magani, da nawa ne kuɗin zuwansa, da yadda za a yi da gawa. Kada a ba ta guba, kada kuma a sa yara su jefe ta, don wannan ƙarin azaba ne. Mu kuma ɗalibai, kafin mu roƙi a ba mu ɗan kwikwiyo, mu tuna zai iya shekara goma ko fiye a hannunmu, kuma ranar tsufansa ma nauyinmu ce. Abin da ke damuna har yanzu shi ne kwana ukun nan da muka bar Zaki yana kuka. Allah ya sa mu zama masu tausayi ga abin da ke ƙarƙashinmu, amin.