Fitilar "Check Engine" Mai Zuwa Tana Tafiya: Yadda Ake Gano Abin da Ke Rage wa Tsohuwar Mota Ƙarfi

A ɗauki direban da ke kan hanyar Kaduna zuwa Zariya cikin motar da ta haura shekara 15. Ya fito zai wuce tirela, ya taka totur, sai fitilar nan mai hoton injin ta kama, motar ta ƙi ja. Ya danna totur har ƙasa amma ba ta wuce tafiyar mai keke ba, ga wata mota tana tahowa. Da ƙyar ya koma hannunsa ya gangara gefen titi, ya kashe injin, ya sake tayarwa, sai ga mota lafiya ƙalau kamar ba ita ba. Bayan kwana biyu fitilar ma ta mutu da kanta. Ya kai gareji, makanike ya zaga da ita, ya ce bai ga komai ba.

Irin wannan matsala ce ta fi cin kuɗin masu tsofaffin motoci, domin laifin ba ya tsayawa a gan shi. Yau a canza filogi, gobe famfon mai, jibi a ce ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone. Alhali a mafi yawan lokuta motar ta riga ta rubuta abin da ya faru da ita, mai karantawa ne ba a samu ba.

Ba lalacewa ba ce, kariya ce

Injin motar zamani yana ƙarƙashin wata ƙaramar kwamfuta da ke karɓar bayani daga sensa-sensa: yawan iskar da ke shiga, zafin ruwan lagireto, juyin injin, inda ƙafar direba take a kan totur. Idan bayanin da ke zuwa ya saɓa wa hankali, kwamfutar ba ta yin caca. Sai ta taƙaita mai da iska, ta hana juyin injin wuce wani mataki, a mota mai giya otomatik kuma ta kan riƙe ta a giya ɗaya, galibi ta biyu ko ta uku. Wannan shi ne yanayin ɗingishi: mota ta iya lallaɓawa zuwa gareji ba tare da ta kashe injin ko giyabos ba. Motocin General Motors suna rubuta "Reduced Engine Power" a gaban direba, na Volkswagen suna kunna fitilar EPC, tsofaffin Honda kuma harafin D ne ke ƙiftawa idan laifin na giya ne.

Kashe mota da sake tayar da ita yana sa kwamfutar ta fara lissafi daga farko. Idan a wannan lokacin bayanin ya dawo daidai, sai ta saki ƙarfin. Shi ya sa direba ke ganin kamar ta warke.

Ita ma fitilar tana da ƙa'ida. A tsarin OBD-II, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun daga samfurin 1996, a Turai kuma takwaransa EOBD ya hau kan motocin fetur daga 2001 da na dizal daga 2004, laifuffuka da yawa sai sun bayyana a tafiya biyu a jere kafin fitila ta kama. Idan aka yi tafiya uku a jere laifin bai dawo ba, fitilar ta mutu da kanta, amma lambar laifin tana nan a ajiye har sai injin ya yi zafi ya huce sau 40 ba tare da ya sake faruwa ba. Ma'ana, mutuwar fitila ba ta share shaida. Abin da ke share ta shi ne cire kan batir, ko danna "goge" a na'urar bincike. Abin takaici, wannan ne abu na farko da wasu gareji ke yi, su miƙa wa mai mota makulli a ce an gyara.

Akwai bambanci tsakanin fitila mai kamawa ta tsaya da mai ƙiftawa. Mai ƙiftawa tana nufin injin yana mis mai tsanani, ɗanyen mai yana gangarawa salansa, yana dafa katalis ɗin da makanikai ke wa laƙabi da indomi. A wannan hali a ɗaga ƙafa daga totur, a nemi wurin tsayawa. Haka idan fitilar ta zo tare da jar fitilar man injin ko allurar zafi ta haura: wannan ba maganar lallaɓawa ba ce, a kashe mota nan take.

A fara da karantawa

A ƙarƙashin sitiyari, kusa da gwiwar direba, akwai soket mai rami 16. Ƙaramar na'ura irin ELM327, wadda ke haɗuwa da wayar salula ta Bluetooth, tare da manhaja kamar Torque ko Car Scanner, ta isa ta karanta lambobin injin. Na kasuwa da yawa kwaikwayo ne, wasu ba sa iya magana da kowace mota, kuma yawancinsu injin kaɗai suke gani, ba sa shiga kwamfutar giya ko ta burki. Lambar P0700, alal misali, cewa kawai take yi kwamfutar giya tana da ƙorafi. Ainihin ƙorafin sai babbar na'urar gareji. Motocin Turai da suka girmi dokar, irin su Golf 3, ba lallai su amsa wa wannan ƙaramar na'ura ba ko da soket ɗin ya shiga.

Abu uku ake ɗauka kafin a taɓa komai: lambobin da suka tabbata, lambobin da ke jiran tabbaci, da hoton yanayin da kwamfutar ta ɗauka a daidai lokacin da laifin ya faru. Wannan na ukun shi ne ya fi daraja ga laifi mai ɓuya, kuma shi aka fi mantawa da shi. Yana nuna gudun mota, juyin injin, zafin ruwa da nauyin da ke kan injin a wannan daƙiƙar. Idan ya nuna injin yana da zafi sosai, mota na gudun kilomita 100, totur a buɗe, to zagaye unguwa da makanike na minti biyar ba zai taɓa fito da laifin ba. A ɗauki hoton allon da waya, a rubuta ranar.

Lamba kuma ba sunan kayan da za a saya ba ce. Tana faɗin inda kwamfuta ta ga abin da bai yi mata ba. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa a haɗin da injin ke ƙonawa. Mai jawo haka zai iya zama tiyon iska da ya tsage, ko famfon mai da ya gaji, ko sensar iska da ƙura ta rufe. Wanda ya ga lambar ya ruga ya sayi sensar salansa, ya hukunta ɗan aike ne.

Lantarki kafin komai

A tsohuwar mota, laifin da ke zuwa yana tafiya ya fi zama a waya da soket fiye da cikin sensar kanta. Sensa idan ta mutu, yawanci ta mutu ke nan, fitila ta kama ta zauna. Waya ce ke haɗuwa ta rabu da girgiza, da zafi, da danshi.

Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 a mita idan mota ta kwana a kashe. Idan injin yana aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7. Altaneta mai caji yana yankewa, ko kan batir mai motsi da aka cusa wa ƙusa don ya kama, yana sa wuta ta faɗi na ƙiftawar ido, kwamfutoci su rikice. Alamarsa ita ce tarin lambobin da ba su da dangantaka da juna, musamman P0562 ta ƙarancin wuta, ko masu farawa da U kamar U0100, wadda ke cewa sadarwa da kwamfutar injin ta yanke. Duk inda aka ga lamba bakwai ko takwas a lokaci guda, da wuya a ce kaya takwas ne suka mutu rana ɗaya. A duba wayar negatif da ta haɗa batir da bodi da injin. Bayan sauke injin ko giyabos, ana yawan barin ta a kwance ko a kan tsatsa. Gwajinta: a sa mita tsakanin negatif na batir da ƙarfen injin, a kunna fitilu da iyakwandishan, abin da ya wuce kusan bolt 0.2 alama ce ta haɗi mara kyau.

Akwai wani tarko kuma. Sensa da yawa suna shan wutar bolt 5 daga layi ɗaya da ke fitowa daga kwamfuta. Idan ɗaya ta yi shot, ko ɓera ya ci wayar, sai ta ja sauran ƙasa, a ga lambobin totur alhali mai laifin wata sensa ce can daban.

Hanyar kama waya mai laifi ba ta da tsada. A bar injin a silo, a buɗe bayanan kai tsaye a manhaja, mutum ɗaya yana kallon allo, ɗaya yana girgiza soket da damin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Inda lamba ta yi tsalle ko injin ya yi tuntuɓe, nan ne. A fi mai da hankali ga wuraren da rewaya ya taɓa yankewa ya murɗe da hannu ya naɗe da salatif, da inda aka jona ƙararrawar ɓarayi ko na'urar bin sawu.

Totur mai lantarki

Tun farkon shekarun 2000 motoci da yawa suka daina amfani da kebul tsakanin feda da injin. Feda tana aika saƙo, ƙaramin moto kuma yana buɗe murfin iska a wurin da makanikai ke kira bakin injekta. Saboda hatsarin mota ta ja da kanta, an sa sensa biyu a feda, biyu a murfin, kowace tana gadin 'yar'uwarta. Da zarar biyun suka saɓa, ko na ɗan lokaci kaɗan, kwamfuta ta yanke ƙarfi. Wannan ne ya fi kama da abin da ya sami direban hanyar Zariya, kuma lambobinsa sanannu ne: P2135 ga murfin, P2138 ga feda, sai dangin P0120 zuwa P0124.

Gwajin: makulli a buɗe, injin a kashe, a taka feda a hankali har ƙasa ana kallon layin sensar a allo. Ya kamata ya hau sumul. Idan ya faɗi ya tashi a wani wuri, sensar ta cinye a nan. Idan sumul yake, a koma kan soket, a duba ko ramukan sun buɗe ko sun yi kore. Baƙin dattin da ke taruwa a bakin murfin shi ma yana sa ya maƙale. Ana wanke shi, amma bayan wanki motoci da yawa sai an sake koya wa kwamfuta matsayin murfin, in ba haka ba silo ya hau sama a ce an ɓata mota.

Lokacin da abin ke faruwa shi ma shaida ne

Mai mota yana da bayanin da babu na'urar da ke da shi. Idan laifin yana zuwa bayan doguwar tafiya a zafin Afrilu, ya tafi idan mota ta huce, ana zargin koyil, ko famfon mai, ko sensar juyin injin. Ita wannan ta ƙarshen, mai lamba P0335, ta fi kashe mota gaba ɗaya, ta ƙi tashi sai bayan minti 20 ko 30. Idan sai tanki ya yi ƙasa, ko a hawan tudu, famfon mai ne ko matatarsa. Famfon yana cikin tanki, man ne ke sanyaya shi, kuma yawo da ɗan lita biyu kullum yana rage masa kwana. Idan bayan ruwan sama ne ko wankin injin da matsin ruwa, a leƙa ramukan filogi da soket. Idan da hunturu ne, a buɗe iyakilina: ƙurar da ta wuce tsagaggen filta tana lulluɓe siririyar wayar sensar iska, a samu P0101 ko P0171. Ana fesa mata maganin wankinta ne, ba a goga ta da tsumma ko a tsoma ta a fetur. Idan kuma abin ya fara bayan shan mai a jarkar 'yan bumburutu, a fara da man. A farkon 2022 an shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima Najeriya, motoci suka yi ta mutuwa ba tare da wani kayansu ya fara lalacewa ba.

Mis yana da sauƙin bi. P0302 na nufin silinda ta biyu. A ɗauke koyil ɗinta a musanya da na silinda ta uku, a ci gaba da hawa. Idan lambar ta koma P0303, koyil ne. Idan ta tsaya a ta biyu, a yi haka da filogi, sannan nozul. Ba a sayi komai ba, an san mai laifi.

Ga P0171, manhaja tana nuna kason man da kwamfuta ke ƙarawa don daidaita haɗi. Abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, sama ko ƙasa, ba abin damuwa ba ne. Idan ya yi yawa a silo ya sauko da aka ƙara wuta, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Idan a silo daidai yake amma yana hawa da gudu, mai ne ba ya isa, ko sensar iska tana rage lissafi. A motocin dizal masu turbo, ɗingishi a lokacin wuce mota ya fi zuwa da P0299 ko P0234, wato matsin iska ya gaza ko ya wuce kima, kuma tiyo mai tsaga da ke buɗewa sai an matsa shi ne abin fara dubawa.

Bayan gyara

Yanzu ne lokacin goge lambobi. Sai a maimaita yanayin da hoton nan ya nuna: gudu iri ɗaya, zafi iri ɗaya, a hanyar da babu cunkoso. Manhaja tana da shafin da ke nuna gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi wa kanta. Bayan gogewa duk suna komawa "ba a kammala ba", kuma sai an yi kwanaki ana hawa suke cika. Gyara bai tabbata ba sai sun cika babu lamba mai jiran tabbaci.

Wannan shafin yana da amfani ga mai sayen mota ta hannu. Idan babu lamba ko ɗaya amma gwaje-gwajen ba su kammala ba, ba a daɗe da goge wani abu ko cire batir ba. Kafin a tayar da injin kuma, a murɗa makulli a tsaya a kalli gaban mota: fitilar injin dole ta kama tare da sauran, ta mutu bayan mota ta tashi. Idan ba ta kama ba sam, an cire ƙwan ko an rufe shi da baƙin salatif ta ciki.