MASAUKIN DA BABU SHI: DARASI DOMIN MATAFIYA

Darasinmu na wannan wata a kan neman masauki ne. Mu mutanen ƙasar Bagudo matafiya ne tun asali. Waɗansunmu su kan ƙetare ta Tsamiya su shiga Segbana a ƙasar Benin, su wuce Kandi da Parakou, har Kwatano, domin ciniki ko karatu. Waɗansu su kan kai marasa lafiya Birnin Kebbi ko Sakkwato, ko kuwa asibitin mishan na Bembereke. Waɗansu kuma taro ya kan kai su Jos ko Abuja. Duk wanda ya bar gida kuwa, lalle ya nemi wurin da zai sa haƙarƙarinsa. A zamanin nan mutane da yawa su kan biya kuɗin ɗaki ta waya tun ba su tashi ba, su isa su tarar babu ɗakin, babu mai ɗakin. Muna so mu koyi yadda wannan cuta ta ke, da yadda za mu tsare kanmu.

1. Yadda kakanninmu su ke samun masauki

A zamanin dā ayarin fatake ya kan taso daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja sayen goro. Ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta kan ƙetare Kwara wajen Illo, a nan ƙasarmu, ta ratsa Bargu har Salaga. Tafiyar watanni ce, da dukiya mai yawa bisa jakuna. To, ina su ke sauka?

A kowane zango akwai fatoma, watau mai masaukin baƙi. Shi ya kan ba falke ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, kāna ya karɓi la'adarsa. Falke ba ya jin tsoron fatoma, gama an san gidansa, an san iyalinsa, sarkin zango kuma ya san shi. Idan ya cuci baƙo ɗaya, madugu zai baza labarin a hanya, baɗi ba wanda zai sauka wurinsa. Ku lura da abu biyu a nan. Na fari, akwai mutum na uku wanda ya san baƙo, ya kuma san mai gida. Na biyu, baƙo ya kan ga ɗaki da idonsa kafin kuɗi su bar hannunsa. Dukan darasinmu na yau bisa waɗannan biyu ya ke tsaye.

2. Abin da ya sāke

Yanzu waya ta ɗauki aikin fatoma. Akwai manyan kamfanoni masu haɗa baƙo da mai gida ta intanet. Booking.com ya fara a ƙasar Holan a 1996, Airbnb kuma a Amurka a 2008. Ban da su, mutane su kan yi tallar ɗakuna a Facebook da WhatsApp da Instagram. Wannan ba mugun abu ba ne, ya sauƙaƙa tafiya ƙwarai. Amma hoto ba gida ba ne. Kowa yana iya kwafar hoton gidan wani, ya rubuta lambar wayarsa a ƙarƙashi, ya ce nasa ne.

Kada mu ce sai ƙauyawa a ke yi wa haka. A watan Yuli na 2022, kimanin mutum 100 daga ƙasashe dabam dabam suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofar wata mata a arewacin London, da akwatunansu, kowa yana cewa ya kama ɗaki a gidanta ta Booking.com. Ita kuwa ba ta taɓa ba da gidanta haya ba. Wani ne ya sa adireshinta a talla, hotunan ma ba na gidanta ba ne. A 2023 kuma kamfanin Airbnb da bakinsa ya ce ya cire tallar ƙarya 59,000 a cikin shekarar. Idan haka ta faru a inda a ke da ma'aikata masu tsaro, ina ga tallar da wani ya turo mana ta WhatsApp?

3. Yadda macuci ya ke aikinsa

Bari mu yi misali. A ce matan zumunta goma sha biyu za su tafi taro a wani babban gari. Kowace ta sayar da shinkafa ko albasa ta kawo nata kason, aka damƙa wa ma'aji. Ɗanta ya duba waya, ya ga gida mai ɗaki huɗu, da ruwa da wuta, kusa da wurin taro, kuɗinsa kuwa rabin na sauran gidaje. Ya buga lambar. Mutumin ya amsa da ladabi, ya gaishe shi, har ya sa albarka ga taron. Sa'an nan ya ce, ga waɗansu baƙi suna neman gidan, sai a turo rabin kuɗi kafin magariba, in ba haka ba ya ba su. Ma'aji ta ji tsoron kada su rasa, ta je wurin mai POS ta tura. Ran tafiya suka isa da dare. Lambar gidan tana nan, amma mai gidan bai san zancen ba. Suka buga waya, a kashe.

Ku duba abin da mutumin nan ya yi amfani da shi. Ya jawo su da araha. Ya kwantar musu da rai da zaƙin baki, har da maganar ibada. Ya hana su tunani da gaggawa. Ya karɓi kuɗi ta hanyar da ba ta komowa da sauƙi. Ya kuma zaɓi lokacin da masauki ya ke wuya. Haka su kan yi a lokacin Kirsimati a Ikko, da lokacin manyan taruka, da lokacin buki irin na kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, sa'an da baƙi su kan fi ɗakunan gari yawa.

Hasarar kuwa ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Mata goma sha biyu suna tsaye a titi da dare a garin da ba su sani ba. Ma'aji kuma za ta koma gida ta fuskanci waɗanda suka ba ta amana. Irin wannan ya isa ya raba zumunci na shekaru.

4. Alamun tallar ƙarya

(a) Kuɗin ya yi ƙasa ainun da na gidajen da ke kewaye. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

(b) Mai tallar yana matsa mana mu biya yau yau.

(c) Ya ƙi a zo a ga gidan. Ya kan ce ya yi tafiya, ko makulli yana wurin wani.

(d) Sunan da ke bisa asusun banki dabam ne da sunan da ya faɗa mana, ko kuwa ya ce otel ne, asusun kuwa na mutum ɗaya ne.

(e) Mun same shi a Airbnb ko Booking.com, amma ya ce mu fita daga can mu biya shi kai tsaye, wai zai rage mana. Airbnb ya kan riƙe kuɗin baƙo, ba ya ba mai gida sai bayan baƙo ya shiga. Wanda ya biya a waje ya zubar da wannan kariya da hannunsa.

(f) Shafinsa sabo ne, ba baƙon da ya taɓa shaidarsa, ko kuwa shaidun duka bakinsu ɗaya, kamar mutum guda ya rubuta.

(g) Saƙo ya zo yana cewa mu danna wani wuri mu sāke rubuta lambar katin banki, in ba haka ba a soke ɗakinmu. A 2023 ɓarayi suka shiga asusun otel-otel da dama a Booking.com, suka riƙa aika wa baƙi irin wannan saƙo da sunan otel ɗin.

5. Abin da za mu yi kafin mu biya

Ba a cinikin biri a sama. Abu na fari, mu komo ga hanyar kakanninmu, mu nemi mutum na uku. Da wuya a sami babban gari a Nijeriya ko Benin ko Nijar inda babu zangon Hausawa, ko ɗan garinmu, ko ekklesiya wadda za mu iya aika wa. Mu roƙi wanda muka sani ya tafi ya tsaya a ƙofar gidan, ya ga ɗakin, ya ga mai gidan. Kuɗin babur da za mu ba shi kaɗan ne bisa ga abin da za mu tsare.

Idan ba mu da kowa a garin, mu ce wa mai gidan ya kira mu ta bidiyo, ya fara daga bakin titi, ya nuna lambar gida, ya buɗe ƙofa da makulli, ya shiga. Kada mu yarda da bidiyon da aka riga aka ɗauka. Mu sa wani yaro mai sanin waya ya bincika hoton da Google Lens, gama sau da yawa a kan tarar hoton nan na wani gida ne a wata ƙasa. Idan otel ne, mu nemi lambarsa ta wata hanya dabam, ba wadda ke cikin tallar ba, mu tambaya ko sun san da zuwanmu.

Masu ƙetare iyaka su ƙara kula. Lambar wayar Benin da 229 ta ke farawa, ta Nijar da 227, ta Nijeriya da 234. Wanda ya ce yana zaune a Parakou amma ya ƙi ba da lambar can, a tambaye shi dalili. Kuɗin da aka canja zuwa sefa aka tura wata ƙasa kuwa, binsu ya fi wuya, gama hukumar wannan ƙasa ba ta da iko a waccan.

Idan ya yiwu mu biya sa'an da muka isa. In lalle sai an ba da kafin alƙalami, ya zama kaɗan, kamar na kwana ɗaya. Kada mu faɗa wa kowa lambar sirri ta katinmu, ko lambar da banki ya turo mana ta waya. Idan kuɗin jama'a ne, kada mutum ɗaya ya yanke shawara. Biyu ko uku su duba tare, a rubuta a littafi.

6. Idan an riga an cuce mu

Kada kunya ta sa mu yi shiru, gama shirunmu ne ya ke ba macuci damar cutar na gaba. Mu gaya wa bankinmu nan da nan, tun kuɗin ba su bar asusun da aka tura su ba. Mu ajiye takardar POS, da saƙonni, da hoton tallar. Mu kai ƙara wurin 'yan sanda, ko hukumar EFCC, wadda ta ke da ofishi a Sakkwato. Nijeriya tana da dokar 2006 a kan zambar karɓar kuɗi tun gaba, da dokar 2015 a kan laifofin intanet. Mu kuma sanar da kamfanin da aka yi tallar a shafinsa domin a cire ta. Ba kullum kuɗi su kan komo ba, amma wanda ya yi hanzari ya fi sa rai.

Mu da ke gida kuma, idan ɗan'uwa ya faɗa cikin wannan rami, kada mu yi masa dariya ko mu zarge shi da cin amana tun ba mu bincika ba. Kuma idan baƙo ya aiko mana daga nesa yana roƙo mu duba masa ɗaki a Bagudo ko Kaoje ko Lolo, mu tashi mu je da ƙafarmu. Yau mu ne fatomansa, gobe shi ne namu.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne abu biyu ne suka sa falke ya amince da fatoma?
2. A cikin misalin matan zumunta, a wane wuri ne ya kamata ma'aji ta dakata?
3. Faɗi alamu huɗu na tallar ƙarya.
4. Don me bai kamata mu biya a wajen shafin kamfani ba?
5. A garin da ka fi zuwa, wa ka sani wanda zai iya duba maka ɗaki? Rubuta sunansa da lambarsa tun yau.